Ku Tambayi Baba: Salula ta ce tauraruwata Krittika ce, mai mulkinta kuma Agni

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗinki nake yi a Bukoki, nan Yamai, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina cikin masu kallon fina-finan Indiya masu dogon zango. A ciki kullum sai an kira wani malaminsu ya buɗe takarda ya ce tauraron yarinya bai dace da na yaro ba, shi ke nan aure ya watse. Ƙanwata ta sa mini wata manhaja a salula, na rubuta ranar haihuwata, sai ta ce masaukin watana Krittika ne, mai mulkinsa Agni, wai shi ya sa nake da kaifin baki da saurin fushi. Tun ranar ƴan shago suka sa ni gaba da tsiya, da na yi magana sai su ce wutar ta tashi. Don Allah Baba mece ce Krittika, wane ne Agni, kuma taurarin nan su ne waɗanda malamanmu ke lissafin damina da su?

Mai ɗinki daga Bukoki, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam ƴata, na gode da addu'a, Allah ya sa albarka a keken ɗinki.

Krittikar nan da ta tayar miki da hankali ba baƙuwa ba ce. Ita ce kaza da ƴaƴanta, ƴan taurarin nan da ke cure wuri guda, waɗanda malamanmu ke kira Surayya, Buzaye kuma su ce da su ƴan matan dare. A watan Nuwamba ko Disamba, da an idar da isha'i ki fito tsakar gida ki dubi gabas, za ki tarar sun ɗago. Can tsakar dare sai su zo kusan tsakar kanki, sun ɗan karkata arewa. Mai lafiyar ido yakan ƙirga shida, wani bakwai. Fitilun Yamai da ƙura sukan dusashe su, saboda haka ki bari sai daren da aka ɗauke wuta. Masu na'urar hangen nesa sun ce taurarin da ke cikin curin sun haura dubu, kuma hasken da kike gani ya baro su tun shekara kusan 440 da suka wuce.

Indiyawan da sun lura cewa wata yana zagaye sama ya komo gun tauraron da ya bari a cikin kwana 27 da kusan sulusin kwana. Wannan daban ne da kwana 29 ko 30 da muke ƙirgawa daga jinjirin wata zuwa jinjirin wata. Sai suka raba hanyar tasa gida 27, kowane gida digiri 13 da minti 20, suka kira kowane ɗaya nakshatra, wato masaukin wata. Kusan kwana ɗaya wata ke yi a kowane masauki. Wanda yake ciki a lokacin da jariri ya faɗo, shi ne tauraron haihuwarsa a wajensu. Kowane masauki sun ba shi abin bautar da ke mulkinsa, da alama, da dabba, da harafin da sunan yaro zai fara da shi. Na Krittika su ne A, I, U da E, alamarta aska ce ko wuƙa, kuma ta faro ne daga ƙarshen burujin Rago ta shiga digiri 10 cikin burujin Sa.

A jerin da ake amfani da shi yau ita ce ta uku, bayan Ashwini da Barani, kafin Rohini. Amma a tsofaffin littattafansu, irin su Atharvaveda, da ita ake farawa. Wurin da rana ke tsayawa a ranar da dare da yini ke daidaita cikin Maris yana gusawa a hankali, kusan digiri ɗaya a shekara 72, kuma wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wurin nan yana dab da kaza. Masana da yawa na ganin wannan ne ya sa aka ba ta limanci a wancan zamani.

To, ga labarin da suka ɗora a kai, kuma ki riƙe cewa labarinsu nake ba ki yadda suke faɗinsa. Wai masaukan nan 27 duk mata ne, ƴaƴan wani babba cikin magabatansu mai suna Daksha, ya ɗauke su duka ya aura wa Candra, wato wata, da sharaɗin ya yi rabon kwana da adalci. Ango ya shiga gida, ido ya faɗa kan Rohini, tauraron nan ja-ja da malamanmu ke kira Dabaran, sai ya tare a ɗakinta. Ta zama mowa, 26 suka zama borori. Suka kai ƙara gun ubansu, ya kira suruki ya yi masa faɗa, ya koma bai canza ba. Da abin ya ishi tsoho sai ya yi masa baki, ciwon rama ya kama shi, kullum yana ƙanƙancewa, har tsirrai suka fara bushewa a duniya. Aka taru aka ba Daksha haƙuri. Ya ce bakin da ya fita ba ya komawa, amma zai sassauta: rabin wata ya rame, rabin wata ya murmure, kuma dole ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Wurin da suka ce ya yi wankan neman sauƙi shi ne Prabhasa, a bakin tekun jihar Gujarat, inda babban ɗakin bautar Somnat yake har yau. Mu ma ai mun yi wa wata aure, mun ce Zara matar wata, sai dai mu ɗaya muka ba shi muka huta da shari'a.

Labarin Krittika ita kanta ya fi wannan ɗaci, kuma a cikin Mahabharata, babban littafin tsofaffin labaransu, yake. Akwai dattawa bakwai masu zuhudu da hikima, waɗanda Indiyawa ke cewa su ne taurari bakwai ɗin nan na arewa masu siffar ludayi. Kowane da matarsa. Wata rana suna hadaya, Agni, abin bautarsu na wuta, ya fito daga cikin wutar ya ga matan, zuciyarsa ta kamu. Ya san matan mutane ne, babu hali, sai ya shige daji da baƙin cikinsa. Ashe akwai wata ƴar Daksha mai suna Swaha da ta daɗe tana son sa bai kula ta ba. Da ta gane halin da yake ciki sai ta rikiɗa ta ɗauki siffar matar ɗaya daga cikin dattawan ta je masa. Ta sake ɗaukar ta biyu, ta uku, har shida. Da ta zo kan ta bakwai, Arundati matar Wasishta, abin ya gagara, saboda tsananin riƙon amanar aurenta. Daga wannan tarayya shida aka samu yaro mai kai shida da hannu goma sha biyu, Skanda.

Sai magana ta bazu cewa matan dattawa ne suka haife shi. Swaha ta fito ta ce ɗanta ne, ita ta yi rikiɗar. Wani dattijo mai suna Wishwamitra, wanda ya san yadda aka yi tun farko, ya je ya shaida wa mazan cewa matansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Duk da haka dattawa shida suka saki matansu shida. Ni a duk labarin nan wannan gaɓar ce ke tsaya mini a rai. An ce masu hikima ne, shaida ta zo musu har biyu, amma bakin mutane ya fi ƙarfin shaidar. Duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhun aure ya san ba sai an je Indiya ba. Matan suka rasa inda za su, sai suka tafi gun yaron da aka sake su dominsa suka ce ya ɗauke su a matsayin uwaye. Ya amsa, ya ba su mazauni a sama, su ne Krittika. Arundati kuwa ta zauna kusa da mijinta: idan kin dubi tauraron tsakiya a hannun ludayin za ki ga wani ɗan ƙarami manne da shi, wanda Larabawa ke kira Suha. A bikin auren Hindu, musamman a kudancin Indiya, akan nuna wa amarya da ango shi.

Akwai wata ruwayar da ta fi yaɗuwa a yau. A cikinta wani ƙaton aljani mai suna Taraka ya addabi duniya, kuma ba mai iya kashe shi sai ɗan Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. Agni ya ɗauko irin Shiva mai zafi, ya kasa riƙewa, ya jefa a kogin Ganga, kogin ma ya kasa, ya tura shi cikin kyauro a bakin gaɓa. Nan jaririn ya bayyana, Krittika shida suka tsince shi, kowace ta ce ita za ta shayar, sai ya yi fuska shida don kada ya ɓata wa ko ɗaya. Shi ya sa ake kiran sa Kartikeya, ɗan Krittika. Ya girma ya zama sarkin yaƙin allolinsu, ya kashe Taraka. Tamilawan kudu suna kiran sa Murugan, suna zana shi da mashi a hannu, bisa ɗawisu. Idan kin ji ana kiran wani Kartik ko wata Kritika a fim, daga nan sunan ya samo asali. Akwai ma wata a kalandarsu mai suna Kartika, don a cikinsa wata ke cika kusa da kaza, kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba a garin Tiruvannamalai na jihar Tamil Nadu akan hau wani dutse mai tsayin kusan mita 800 a kunna ƙatuwar tukunyar man shanu, a hango wutar daga nesa ƙwarai.

Shi kuwa Agni wuta ce kanta, wadda suka mayar abin bauta. Yana cikin mafi tsufa a addininsu. Waƙar farko ta Rigveda, tsohon littafin waƙoƙin addininsu, tasa ce, kuma cikin waƙoƙi 1028 na littafin kusan 200 shi ake yabo. Suna zana shi ja, da kai biyu da harshe bakwai, bisa rago. Aikinsa a ganinsu ɗan aike ne: abin da aka zuba a wutar hadaya, man shanu ko hatsi, shi ke kai wa sauran alloli. Kuma shi ne shaidar aure. Wutar nan da kike gani a fim amarya da ango suna zagayawa, gefen mayafinta ɗaure da nasa, Agni ne suke kafawa shaida. Kalmar “swaha” da malamin ke ja duk lokacin da ya zuba mai a wutar sunan waccan matar ce, wai ladan da aka ba ta ke nan, ta kasance tare da Agni har abada. Wani tsohon littafinsu, Shatapatha Brahmana, ya ce a kunna wutar hadaya a ƙarƙashin Krittika, don taurarin Agni ne, sun fi sauran masaukai yawan taurari, kuma ba su kaucewa daga gabas. Bayan Agni, masu duba sun ƙara ba masaukin wani mai mulki, wato rana. Suna da lissafin da ke raba shekara 120 tsakanin taurari tara, rana ta samu shida, kuma wanda aka haifa a Krittika da rabon rana yake fara rayuwa.

Kin ga ke nan inda manhajarki ta samo kaifin baki da saurin fushi. An ce wuta, an ce aska, an ce rana, sai aka haɗa aka ce mai wannan tauraro zai zama mai zafi, mai yanke magana, mai gaskiya ko da ɗaci, kuma mai riƙon ɗan wani, saboda matan nan shida. Halin daga labarin aka ciro shi, ba daga binciken mutanen da aka haifa a ranar ba. Ki karanta wa ƴan shagonku abin da manhajar ta rubuta ba tare da kin faɗi na wace ce ba, ki ga ko rabinsu ba za su ce da su ake ba.

Sannan ga wata matsala da ta shafe mu mu ƴan Nijar musamman. Tunda kwana ɗaya kacal wata ke yi a masauki, lissafin yana buƙatar rana da awa da garin haihuwa daidai. Ke rana kawai kika ce kin rubuta. Ni takardar haihuwata cewa ta yi an haife ni “wajen” shekara kaza, mutane da yawa kuma da aka yi wa takarda daga baya ɗaya ga Janairu aka liƙa musu. Idan aka kuskure da yini ɗaya baya, kin faɗa Barani, wadda mai mulkinta Yama ne, abin bautarsu na mutuwa. Idan gaba ne kin zama Rohini, mowar wata, sai manhaja ta ce ke ce mai sanyin hali da farin jini. A kan irin wannan lissafin ne ake auna aure a can: ana gwada masaukin yarinya da na yaro a fannoni takwas masu maki 36, idan ba a kai 18 ba a ce ba su dace ba. Wannan ce takardar da kike gani ana buɗewa a fim.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi daɗi. Taurarin dai su ne, amma aikin da ake sa su daban ne. Ina yaro a Tawa akwai wani malami a unguwarmu da ke da wata takarda a gafakarsa, ta sha ninki har ta fara rabewa a tsakiya, an ja mata layuka da tawada baƙa da ja, sunayen taurari a jere da ajami. Da bazara ta tsananta sai ka ga manoma sun zo bayan la'asar sun durƙusa bakin buzunsa suna tambaya wane tauraro ake ciki. Ya lashi yatsa ya buɗe, ya bi layi yana ƙirga: Surayya, Dabaran, sannan na damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha. Kowane kwana 13. Ya gaya musu saura kwana nawa a shiga wanda ake sa ran shuka, ya rufe da cewa ruwa na Allah ne. Ban taɓa jin ya tambayi wani ranar haihuwarsa ba. Shi tafiyar shekara yake bi ta cikin masaukan, abin da ya dame shi gero da wake. Mai duban Indiya wata yake bi, dare ɗaya a kowane gida, abin da ya dame shi halin mutum da rabonsa.

Su ma Indiyawan suna da nasu lissafin na yanayi. Daga wajen 11 zuwa 25 ga Mayu rana tana cikin Krittika, shi ya sa kaza ke ɓacewa daga sama a lokacin, sai cikin Yuni ta sake leƙowa da asuba. Tamilawa suna kiran kwanakin Mayu mafi zafi da sunan tauraron Agni, kuma duk wanda ya yi Mayu a Adar, zafi ya haura digiri 40, ba zai yi musu da su ba. A wani tsohon jerin sunayen taurarin bakwai, uku daga ciki ma'anarsu ta shafi gajimare da ruwan sama. Manoma ne su ma kafin su zama masu duba.

Game da addini, Alƙur'ani ya ambaci masaukan wata a Suratu Yunus aya ta 5, ya ce an ƙaddara su ne don mu san adadin shekaru da lissafi, haka ma a Yasin aya ta 39. Sanin lokaci da su halas ne. Amma a hadisin Hudaibiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, bayan an kwana ana ruwa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Idan an hana jingina ruwan sama ga tauraro, ina ga hali da aure da arziki? Jin labarin Agni da matan nan shida don ki fahimci abin da kike kallo, ban ga laifinsa ba, ga shi ma ni na ba ki. Manhajar kuwa ki ce wa ƙanwarki ta cire ta, ko banza tana cin kuɗin intanet. Idan kuma da gaske bakin naki na da kaifi, ƴan shago sun riga salula sani.

TAMBAYA

Baba barka da aiki. Ina karatu gun wani malami a Kwanni, ya koya mana manazil, wato masaukan wata, 28 ne, amma na ji an ce na Indiyawa 27. Wa ya yi kuskure?

Ɗalibi daga Kwanni

AMSA

Babu wanda ya yi, ɗana. Zagayen watan kwana 27 ne da ɗoriya, saboda haka wanda ya yar da ɗoriyar ya samu 27, wanda ya cike ta ya samu 28. Larabawa 28 suka ɗauka, kuma ta yi musu daidai da shekarar rana: 28 sau 13 ya ba da 364, a ƙara wa Jabaha kwana ɗaya a samu 365. Mutanen Sin ma 28 gare su. Al-Biruni, wanda ya rubuta littafi a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya kawo wannan bambanci tsakanin lissafin Larabawa da na Indiyawa. Farkon jerin biyu ma tafiya ɗaya suke: Sharaɗaini ita ce Ashwini, Buɗaini Barani, Surayya Krittika, Dabaran Rohini.

Indiyawan ma suna da ta 28, sunanta Abhijit, tauraron nan mai haske na arewa da Turawa ke kira Vega. Tana cikin tsofaffin jerinsu, har yanzu kuma sukan duba ta wajen zaɓen lokacin fara wani aiki, amma ba a sa ta a lissafin haihuwa na yau da kullum. A Mahabharata an ce ƙanwar Rohini ce, kishin girman yayarta ya sa ta yi yaji ta shiga daji zaman zuhudu, gurbin da ta bari kuma shi aka cike da matan nan shida da aka saka. Ka gaishe mini da malam.